Fasto ya hana ni ƙawata waƙoƙi a kan ogan: in tafi ko in zauna?

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni mace ce mai shekara 26, wata takwas ke nan ina kaɗa ogan mai bututu a majami'armu. Da fiyano na fara tun ina ƙarama, sai tsohon makaɗinmu, wanda ya fi shekara talatin a kan kujerar, ya ɗauke ni ya koya mini ogan har shekara huɗu. Da ciwon gwiwa ya hana shi taka feda, wato maɓallan ogan da ake kaɗawa da ƙafa, shi da bakinsa ya ce a ba ni wurin. Na tara littattafan da aka sake wa waƙoƙin sujada tsari, masu doguwar gabatarwa, da kiɗa tsakanin baiti da baiti, da sabon haɗin muryoyi a baitin ƙarshe. Nakan raba dare ina gwaji, matasa kuma suna yabawa. Mako uku da suka wuce, a waƙar rufe sujada, na sa kiɗan da zai ɗaga waƙar sama kafin baitin ƙarshe. Jama'a suka shigo tun ban gama ba, 'yan kwaya suka bi tasu hanyar, rabin mutane suka yi shiru. Bayan an tashi, fasto ya kira ni a gaban shugaban kwaya ya ce daga yau abin da ke cikin littafi kawai zan kaɗa. Daga baya aka gaya mini cewa malamina ne ya fara kai masa magana tun kafin ranar, alhali ni bai taɓa ce mini uffan ba. Tun lokacin ban taka gidansa ba. Ina kaɗawa, amma kamar inji. Wata majami'a ta neme ni, sun ce in zo in yi yadda nake so, sai dai kibod gare su. In tafi ne, ko in zauna in haɗiye? Baiwar da Allah ya ba ni laifi ce?

'Yarka, makaɗiya mai damuwa

'Yata, tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don na ga ita ta fi ci miki rai. Baiwarki ba laifi ba ce. Wadda ta raba dare tana haɗa hannu biyu da ƙafa biyu a kan waƙa ɗaya domin ta miƙa wa Allah abu mai kyau ba ta yi abin kunya ba, Zabura ta 33 ma umarni ta bayar a yi kiɗa da gwaninta. Amma nauyi uku ne suka faɗo miki lokaci guda: kunyar waƙar da ta watse a hannunki, faɗan da aka yi miki a gaban wani, da labarin cewa mutumin da ya raine ki a wannan aiki ya yi maganarki a bayan idonki. Kin ɗaure su dami ɗaya kina neman amsa ɗaya, wato tafiya ko zama. Ni kuwa so nake mu kwance damin, don kowanne da maganinsa.

Mu fara da waƙar, domin ruwa ba ya tsami banza. Kin taso da fiyano, inda bugun yatsa kansa ke nuna wa mai waƙa inda taki yake, sannan sautin ya dusashe shi kaɗai. Ogan ba haka yake ba. Muddin yatsanki na kan maɓalli iska na shiga bututu, sauti kuma yana nan daram, ko da ƙarfi kika danna ko a hankali. Saboda haka jama'a suna gane taki ne daga 'yan gajerun shirun da kike bari: ɗan ɗaga yatsa tsakanin sauti biyu iri ɗaya, numfashin ƙarshen layi, da wanda ya fi su duka, shirun da ke tsakanin baiti da baiti. Shekara talatin mutanen nan suna jin abu guda. Makaɗi ya riƙe sautin ƙarshe, ya saki, su ja numfashi ɗaya, su shiga. Abin ya zauna a jikinsu har ba sa tunaninsa. Ranar da kika zuba sabon kiɗa a gurbin wannan shiru, ƙirjinsu ya riga ya cika da iska, suka shiga a lokacin da suka saba. Takardar da ke gabanki ba ta gabansu, kunne kaɗai suke bi.

'Yan kwaya kuma matsalarsu daban. Idan suna rera muryoyi huɗu na littafi, sofrano da alto da tena da bes, ke kuma kika canza haɗin sautin da ke ƙarƙashin karin waƙar, to muryoyi uku na ƙasa dole su yi karo da ogan. Irin wannan tsari na baitin ƙarshe ana rubuta shi ne domin kowa ya rera karin waƙar da murya ɗaya. Ba ki faɗa mini ko kin sanar da shugaban kwaya tun da wuri ba. In ba ki sanar ba, shi ma ya ji kunya a gaban mutanensa ranar, wataƙila shi ya sa aka kira shi wurin maganar. Sai batun ɗaga waƙa. Yawancin mutanen da ba su koyi waƙa ba suna jin daɗi har zuwa wajen sautin D na sama, waƙoƙin sujada da yawa kuwa sun riga sun taɓo nan. In aka ƙara musu ko rabin mataki ne, a ƙarshen sujada da muryoyi suka gaji, dattawa da maza da dama za su rufe baki su saurara. Rabin mutanen da kika ce sun yi shiru, ina kyautata zaton da yawansu sun so su rera, abin ne ya fi ƙarfin maƙogwaronsu.

Akwai kuma wani abu da makaɗi ba ya ganewa sai ya tashi daga kujerarsa: abin da kike ji ba shi na kujerar baya ke ji ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. A babban ɗaki mai tsawon mita 34, kafin kiɗanki ya isa baya muryarsu ta dawo miki, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce. Ƙara da amsa-kuwwar bango, da manyan bututan feda waɗanda ba sa magana nan take. Adon yatsu mai sauri da ke fita tsaf a kunnenki yana iya isa can baya a cakuɗe, karin waƙar ya nutse a ciki. Manzo Bulus ya kawo misalin da ya dace da mu a 1 Korintiyawa sura 14, cewa in sarewa ko garaya ba ta bambanta sautinta ba, ta yaya za a san abin da ake kaɗawa, in kuma ƙaho bai fito sarai ba, wa zai yi shirin yaƙi. Lokacin da ikilisiya ke rerawa, ke ce mai ƙahon.

Ni ma na taɓa sa irin wannan kiɗa tsakanin baiti ba tare da na gaya wa kowa ba. Wata tsohuwa ta shiga ita kaɗai da cikakkiyar murya, ta ji ba kowa tare da ita, ta yi tsit. Har aka gama waƙar ba ta sake buɗe baki ba. Shekaru sun shuɗe amma ban manta fuskarta ba, kuma tun ranar, duk tsarin da zan kaɗa sai na tambayi kaina ko ita za ta san inda za ta shiga.

Kada ki ɗauka ƙananan makaɗa ne kawai ake yi wa wannan faɗa. Yohan Sebastiyan Bak, wanda har gobe ake koyon ogan da ayyukansa, yana ɗan shekara 20 yana makaɗi a garin Arnishtat na ƙasar Jamus. A ƙarshen 1705 ya karɓi hutun mako huɗu ya taka kusan kilomita 400 zuwa Lubek don ya saurari babban makaɗi Bukstehude, ya yi wajen wata huɗu bai dawo ba. A watan Fabrairun 1706 majalisar ikilisiya ta zaunar da shi, kuma cikin ƙorafinta har da cewa yana cusa baƙin sauye-sauye a waƙoƙin sujada har jama'a suna rikicewa. An kuma rubuta cewa da aka yi masa magana kan tsawaita kiɗa, sai ya koma gajartawa fiye da kima. Wannan na biyun nake so ki lura da shi, don na hango shi a wasiƙarki inda kika ce kina kaɗawa kamar inji. Zuciyar da aka ɓata wa tana da wata hanyar ramuwa da mai ita ba ya ankara: tunda kun ƙi adona, ga busasshen abu nan ku karɓa. Waɗanda ke shan wannan hukunci kuwa mutanen da suka zo yin sujada ne, waɗanda ba su san ma an yi wata magana a ofishin fasto ba.

Kaɗa abin da ke cikin littafi fage ne mai faɗi, kuma ina shakkar ko wata takwas sun ishe ki zagaye shi. Sautin da ke takarda ba ya canzawa, amma muryoyin ogan, wato rukunonin bututun da kike zaɓa su yi sauti, suna hannunki. Kin san bututan ƙafa 8 (ƙafa a nan awon tsawon bututu ne) suna ba da sauti daidai yadda aka rubuta, na ƙafa 4 suna hawa okteb ɗaya, wato daga do zuwa do na sama, na ƙafa 2 okteb biyu, na ƙafa 16 kuma suna sauka ɗaya. Jama'a sun fi jin karin waƙa in akwai ƙafa 4 a kan ƙafa 8, domin yana shawagi bisa muryoyinsu, ƙara yawan ƙafa 8 kawai kauri yake ƙarawa. Ki ɗauki kalmomin waƙar ki karanta su a natse tun ranar Litinin, baiti bayan baiti, kamar addu'a. Baitin da ke maganar gicciye ko tuba, ki rage zuwa muryoyi masu taushi, ki ɗauke ƙafafunki daga feda gaba ɗaya. Idan feda ta dawo a baiti na gaba, ɗakin zai ji kamar ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, ba ki kuwa canza sauti ko ɗaya ba. Wani baitin ki ɗauki karin waƙar da hannun dama a jerin maɓallai na biyu da murya mai kama da ƙaho, hagu ya riƙe alto da tena, ƙafa ta riƙe bes. Wannan ya fi wasu tsare-tsaren da kika saya wuyar kaɗawa da tsabta. Muryoyi masu ƙyalli da masu ƙarar ƙaho ki adana su sai baitin da kalmominsa suka kira su.

Gabatarwa kuma aikinta ta shaida wa mutane wace waƙa ce, a wane tsayi, da wane sauri. Layin farko da na ƙarshe sun isa, in waƙar baƙuwa ce ki kaɗa baiti guda cikakke, kuma da ainihin saurin da za a rera. Ki riƙa rerawa a ranki ko a ƙasa-ƙasa yayin da kike kaɗawa, inda numfashinki ya ƙare nan nasu ma zai ƙare. Tazarar da ke tsakanin baiti ki ƙirga ta, ki sa ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In kin ji jama'a suna jan ƙafa, kada ki jira su, don muryarsu a makare take iso miki, in kika jira sai su ma su jira ki, waƙar ta yi ta nauyi. Ki ɗan rarrabe sautin feda, ki riƙe takinki, za su biyo. Ki ajiye waya a kujerar baya ta ɗauki sujada ɗaya, ki saurara ke kaɗai. Za ki koyi abin da ba ni da bakin faɗa miki.

Sai fasto. A kan ainihin maganar yana da hujja, don shi ke da alhakin sujada, kuma ya ga ikilisiyarsa ta rasa bakin waƙa. A kan yadda ya faɗa, ya kamata a ce ke kaɗai ya kira, ya kuma saurari naki bayanin kafin ya yanke. Kina da damar gaya masa haka cikin ladabi. Ki nemi ganinsa a ranar da ba Lahadi ba. Ki fara da ɗaukar naki kason, ki ce kin gane abin da ya watsa waƙar, ki bayyana masa kamar yadda muka yi a nan. Shugaba yakan saki jiki da wanda ya san inda ya yi kuskure. Sannan ki tambaye shi iyakar dokar: waƙoƙin da jama'a ke rerawa kawai ta shafa, ko har da kiɗan share fage kafin sujada, da lokacin baiko, da lokacin Jibin Ubangiji, da kiɗan fita? Mai yiwuwa bai ma yi tunanin waɗannan ba sa'ad da yake magana cikin ɓacin rai. Yawancin tsare-tsaren da ke cikin littattafanki a waɗannan wurare suka fi dacewa, inda ba wanda ke jiran shiga, mutane suna zaune suna tuna kalmomin waƙar a zuci. In kika share fage da tsarin waƙar da za a rera daga baya, kin ma taimaka musu, don karin ya riga ya shiga kunnensu.

Ki ba shi shawarar wata uku kina bin littafi a duk waƙar jama'a. Bayan nan, in ya yarda, waƙa ɗaya a wata, wadda kowa ya haddace, baitin ƙarshe kawai, ba ɗagawa sama. Ku gwada da 'yan kwaya tun cikin mako, su san za su haɗu a murya ɗaya, mai jagorar sujada kuma ya sanar kafin a fara. Shugaban kwaya ki jawo shi cikin zaɓen waƙar tun farko. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma in fasto ya ga kin riƙe alkawarin wata ukun, zai yi masa wuya ya rufe miki ƙofa.

Maganar malaminki ita ta fi damuna, kuma ita nake roƙonki kada ki bari ta kwana da yawa. Abin da kike da shi a hannu an ce ne. Ba ki san ko shi ya je wurin fasto ba, ko fasto ne ya tambaye shi ra'ayinsa ya amsa da gaskiya. Ko da shi ya je, ki ɗan zauna a kujerarsa. Mutum ya yi shekara talatin yana aiki, jiki ya ƙi, ya sauka yana kallon wata a wurinsa. Ya san duk gyaran da zai yi miki ana iya fassara shi da kishi ko ƙin sakin kujera. Dattijo mai gudun wannan zargi yakan zaɓi ya bi ta hannun shugaba, yana ganin ya kiyaye mutuncinki da nasa. Ban ce ya yi daidai ba. Wanda ya koyar da ke shekara huɗu ya fi kowa cancantar ya kira ki gefe ya ce, 'yata, a nan kina ɓatar da su. Yana kuma yiwuwa akwai ɗan ciwo a ransa, jin waƙoƙin da ya raina sun sauya kama. Amma mutumin da ke miki baƙin ciki ba zai ce a ba ki kujerarsa ba. Mako uku bai gan ki ba, ya san dalili, kuma ina jin shi ma ba ya jin daɗi.

Ki je ki gaishe shi, kada ki buɗe da tuhuma. Ki ce masa, Baba, waƙa ta watse mini, ina so ka zauna a baya ran Lahadi ka faɗa mini abin da ka ji. Ki tambaye shi waƙoƙin da wannan ikilisiya ke rerawa ba daidai da littafi ba, domin kowace ikilisiya tana da su: inda suke jan wani sauti fiye da yadda aka rubuta, inda suke numfashi a tsakiyar layi, waƙar da ya saba sauke musu ƙasa saboda ta yi musu tsayi. Wannan ilimi ba ya cikin kowane littafi da kika saya, a kansa kaɗai yake, in ya tafi da shi ya tafi. Ki tambaye shi halin ogan ɗin ma, wace murya ke saɓa wa sauran in ɗaki ya yi zafi, don bututan ogan suna sauya tsayin sauti da zafin iska, kuma ba duka suke sauyawa daidai ba. Idan hira ta yi daɗi, sai ki faɗi abin da ke ranki a taƙaice: da ka gaya mini da kanka, da ya fi mini sauƙi. Ki tsaya nan, ki bar shi ya amsa.

Batun tafiya kuwa, ba zunubi ba ne. Bak ɗin ma ya bar Arnishtat a 1707. Sai dai ban so ki yanke shawara da zuciyar mako uku. Alkawarin ki yi yadda kike so yana da daɗin ji, amma can ma mutane ne masu numfashi, ranar da suka rikice za a kira ki. Kuma kibod ba ta da feda. Ƙafar da kika yi shekara huɗu kina horarwa za ta yi sanyi in ba ta taka, majami'u masu ogan mai bututu kuwa ba su da yawa, in kika sauka daga wannan kujera ba lalle ki sami irinta da wuri ba. Kina iya gode musu, ki ce za ki riƙa taimaka musu a wasu taruka na musamman da sanin fastonku. Kina kuma iya roƙon a ba ki wani maraice sau ɗaya ko biyu a shekara na waƙoƙi da kiɗan ogan, inda za ki kaɗa tsarin waƙa, sannan jama'a su tashi su rera ta yadda suka sani. Matasan da ke yaba miki za su cika kujeru, cikinsu ma ki duba wanda za ki fara koya wa.

In wata shida suka wuce kin riƙe naki alkawarin, amma aka hana ki ko kiɗan fita, ko aka ci gaba da yi miki faɗa a gaban mutane, to ki sake rubuto mini, lokacin zan tattauna tafiya da ke da gaske, da yadda za ki ba da isasshen lokaci a sami mai karɓa. Kafin nan, ki je gidan malaminki tun Lahadi ba ta zo ba. Ki kuma roƙi fasto a sake sa waƙar nan da ta watse a rufe sujada da ita, ki kaɗa ta daga littafi, ki ɗauke feda a baitin da ke kafin na ƙarshe, ki ba su numfashinsu cikakke, sannan ki buɗe ogan ɗin su shiga tare da ke.